Allon Makullan Mama Tela

Makon jiya ɗana ya turo ma'aikata suka ƙara wa katangar gidan nan bulo uku, suka nannaɗa mata waya mai ƙaya a bisa, irin wadda da can sai a gidan yari muke ganinta. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, ina kallon ɗan sararin saman da ya rage mini yana ƙara tsukewa. Na ce masa, "Babana, ni ka kulle ko ɓarawo?" Ya yi dariya ya ce, "Mama, ke dai ba ki san Samarun yanzu ba." To ta ina zan san ta? Shekara bakwai ke nan muna katanga ɗaya da wata mata. Na san tarinta, na san ƙarar janaretanta, amma in mun haɗu a kasuwa ba zan gane fuskarta ba. Kwanan baya da rana tsaka aka shiga gidanta aka kwance injin jan ruwa, aka fita da shi ta ƙofa kamar masu gida. Muna nan ciki ni da jikokina muna kallon talabijin. Sai bayan kwana uku labari ya iso mana, shi ma daga bakin mai kwasar shara.

Ɗan nawa ya yi karatu, ba na raina masa. Yakan ce talauci da rashin aikin yi ne ke kawo sata a unguwa, ya buɗe waya ya nuna mini taswira mai ja-ja da kore-kore. Nakan gyaɗa masa kai don a zauna lafiya. Amma ni na zauna a layin da ya fi nan talauci nesa ba kusa ba, a Sabon Gari, can wajen Unguwar Gabas, lokacin da wayar salula ta fara shigowa, shi kuwa yana ɗan firamare da majina a hanci. A layin nan sai ki yi shanya ki tafi aiki, ki dawo ki tarar hadari ya taso an kwashe miki kayan, an ninke, an ɗora a kan bencin ƙofarki. Gidajen haya ne jere biyu suna kallon juna, kwanonsu duk tsatsa, kwata a tsakiya, ba katanga ko ɗaya. Kowane ɗaki da 'yar barandarsa, a nan ake girki, a nan ake kitso, a nan ake faɗa a kuma shirya. Yawancinmu mun daɗe, wasu ma a nan aka haife su. Layin da ke bayanmu kuwa talaucinmu ɗaya da su, har mai gidan hayar ɗaya ne. Sai dai nasu ɗakunan sun ba titi baya, suna kallon bangon tashar mota, mutanen ciki kuma yau wannan gobe wancan. A can har bokiti sai an ɗaure shi da sarƙa.

Da ƙara nake tuna safiyar layinmu. Ladan zai fara, can kuma ƙararrawar coci ta amsa, sai jiniyar kamfani daga Chikaji ta kwashe mazanmu, Baban yara a cikinsu da kwanon abincinsa a bayan keke. Iya mai abinci, wata Bayarabiya da ke tsakiyar layi, za ta fara kankare tukwane tana zagin itacen da ya ƙi kamawa. In an yi sa'a ranar famfo ya tuna da mu, sai ki ji wata ta kwarma ihu, "Ruwa ya zo!" Nan take layi ya kaure da ƙarar bokitai da jarkoki, domin famfo ɗaya ne gare mu, kuma yana iya yin mako bai ɗiga ba. Bayan duk wannan sai keken ɗinkin Mama Tela ya ɗauka, kar-kar-kar, ba zai tsaya ba sai rana ta faɗi.

Mama Tela Inyamura ce, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ni da na zo daga kudancin Kaduna sai in ji kunyar Hausata a gabanta, Zazzaganci take zubawa kamar 'yar cikin birni. Ƙatuwar mace ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tef ɗin awo a wuya, tabarau ɗaure da zare. Shagonta ne na farko a bakin layi, amma ba ta ɗinki a ciki. Kullum keken yana baranda, fuskarta na kallon hanya. A bangon da ke bayanta akwai wani allon katako mai ƙusoshi, a nan makullan layinmu gaba ɗaya suke wuni. Mai fita aiki ya miƙa mata, mai dawowa ya karɓa. Ba suna, ba lamba. Kowane makulli ta ɗaura masa ƙyalle daga kayan da ta taɓa ɗinka wa gidan, nawa kore ne mai ɗigon fari. Ko juyawa ba ta yi, hannu kawai za ta miƙa baya ta zaro, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda yake biyanta. Haka na zo na tarar.

Saboda allon nan ta san ɗakin da ke da mutum da wanda ba kowa. Baƙo in ya sako ƙafa layin, tun bai yi taku biyar ba zai ji, "Sannu da zuwa, wa ake nema?" ƙafarta ba ta daina taka keke ba. In ya faɗi suna, ta ce, "Ba ya nan, zauna ga benci, ko ka bar saƙo." In ya fara inda-inda, sai ta ɗaga murya ta kira Iya, Iya ta leƙo da muciya a hannu, mai gyaran rediyon can ƙarshe shi ma ya ɗago kai. Ba zagi, ba duka, gaisuwa kawai za a yi ta yi wa mutum har ya juya da ƙafarsa. Ta taɓa ce mini, "Malama, ɓarawo in kin gaishe shi kin gama da shi, don ya san kin ga fuskarsa." Malama take kirana domin ina koyarwa a firamare. Ita ta riƙe mini yarana in sun riga ni dawowa, ita ta koya mini miyar agushi, ita ta zauna da ni kwana uku lokacin da mahaifiyata ta rasu. Ina son matar nan, Allah ya sani.

Sai dai ni a lokacin jinina na tafasa, zuciyata a kusa take, bakina kuma ba birki. Baban yara mutum ne shiru-shiru, in ya yi magana goma a wuni to an yi baƙi. Ni nake yin tawa in yi tasa. Yana da ƙane, autansu, wanda ke karatu a jami'a yana haya a Samaru. Auta muke ce masa. Kyakkyawan saurayi mai daɗin baki, in ya shigo layi tun daga shagon Mama Tela yake fara barkwanci. Ni kuwa "matata" yake kirana, irin wasan ƙanin miji, in ce masa, "Miji ba cefane, tafi can." Duk ƙarshen wata sai ya zo ya cika jakar Gana-mas-go da garin masara da wake da manja, layi duka sun saba ganinsa da ita.

Dukiyata a duniya akwatin zannuwa ce. Macen zamaninmu ta san abin da nake nufi. Turamen atamfa da na yi shekaru ina tarawa, leshin aurena, da tsofaffin zannuwan mahaifiyata da aka raba mana bayan ta rasu, duk suna ciki da kafur, a ƙarƙashin gado. Wata Laraba na dawo daga makaranta, na karɓi makullina a wurin Mama Tela, na buɗe ɗaki lafiya lau, na jawo akwatin don in fitar da zanen da zan ɗaura zuwa taron zumuntar mata. Tun daga jawowar na ji ba nauyi. Zani biyu ne a sama, ƙarƙashinsu tsohon bargo aka cusa. Wayyo Allah! Ko takalmi ban saka ba na ruga bakin layi.

"Mama, wa ya shiga ɗakina?"

Ta tsayar da keke, ta cire tabarau. "Me ya ɓace?"

Na faɗa mata ina haki. Sai ta ce, "Malama, ki bari maigidanki ya dawo. Ku yi maganar nan a ɗaki, ke da shi."

Raina ya ɓaci. Matar da ko ƙuda ba ya wuce ta ba ta gani ba, yau ita ce ke cewa in jira? Da yamma na hango ta tare Baban yara a bakin layi, sun ɗan jima suna magana ƙasa-ƙasa. Da ya shigo na tare shi da kuka. Ya shafa aljihu ya ce, "Ga makullina nan. Ki yi haƙuri, kaya ne, Allah zai ba da wasu." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya wanke hannu ya ci tuwonsa. Na kwana ina tafasa.

Washegari famfo ya kawo ruwa. Ina ma bai kawo ba. Mata sun cika wurin, labari ya riga ya zaga, kowa na yi mini jaje, ana ta "ikon Allah, a layin nan?" Wata ta tambaya ko ɓalle ƙofar aka yi. Na dire bokiti na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni ban kira sunan kowa ba. Amma ƙofa ba a ɓalle ba, taga ba a taɓa ba. Makulli biyu ne, ɗaya yana aljihun maigidana, ɗayan kuwa kun san inda yake wuni." Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ruwan da ya cika bokiti yana zuba ƙasa. Iya ta matso ta ce, "Malama, kama bakinki." Amma magana ta riga ta fita, kuma shagon Mama Tela bai fi taku ashirin daga famfon ba.

Ni na fara karɓe makullina. Mama Tela ta miƙa hannu baya. Ta zaro shi, ta kwance koren ƙyallenta, ta miƙo mini ƙarfen tsirara. Daga nan sai aka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Wannan ya ce ƙanwarsa za ta zo daga ƙauye, wancan ya ce an canza masa lokacin aiki. Mutanen da ta yi wa goyo, ta yi wa jinya, su ne ke sunkuyar da kai suna miƙa hannu. Kafin mako biyu allon ya koma ƙusoshi zalla. Wata safiya muka tashi ba allo a bango, ba keke a baranda. Ta ja abinta ciki, ta juya wa ƙofa baya, ta saki labule. Ana jin ƙarar ɗinkin sama-sama, kamar daga wani gida.

Ba a yi wata guda ba muka gane abin da muka yi wa kanmu. Aka fara da shanya. Aka ɗauke wa Iya babbar tukunyarta da ta kife a rana. Risho ya tafi, akuyar mai gyaran rediyo ta tafi, sai ga shi an ɓalle ɗakin wata nas da azahar, an kwashe mata talabijin da kayan sawa, ba wanda ya ga komai. Wa zai gani? Baƙo ya shigo ya fita ba mai ce masa sannu. Masu walda suka samu kasuwa, kowa ya sa ƙarafan boglari a taga, kowa ya sayi ƙaton kwaɗo. Mai gidan hayar ya kawo bulo ya toshe barandun wasu har wuya, mata suka mai da girki ciki. Muna ƙara rufewa, ɓarayi na ƙara samun sarari, domin wanda ya shige bayan bulon nan sai ya yi aikinsa a natse. Abin da ya fi ciwo, maimakon mu gane, sai wasu suka fara cewa ai ita ce ke turo su don haushin an karɓe makullai. Kirsimeti na matsowa, lokacin da a da ko wurin zama ba a samu a shagonta, amma ba mai kai mata ɗinki. Na gan ta sau ɗaya da sassafe za ta coci, ta rame, tana bin gefen kwata. Na kau da kai. A raina kuwa ina ce wa kaina ai ban kira sunanta ba.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce har sau biyu, Auta bai leƙo ba. Na ce yaron nan yunwa za ta kashe shi, jarrabawa ce ta riƙe shi. Ranar wata Asabar na ɗaura garin masara da wake, na hau bas zuwa Samaru. Ban taɓa shiga gidan da yake haya ba sai ranar. Dogon gida ne mai ɗakuna a jere da lamba a jikin ƙofa, mai gidan ma an ce a wani gari yake. Ɗalibai na ta kai da kawowa, Hausa rabi Turanci rabi, kiɗa na tashi daga kowane ɗaki. Na shiga da kaya niƙi-niƙi a kai har tsakar gida, ba wanda ya ce mini daga ina. In da katifar wani na ɗauko na fita, haka za su matsa mini hanya. Ba laifinsu ba ne, bana suna nan, baɗi wasu ne, wa ya san wa?

Ina neman lambar ɗakinsa sai idona ya faɗa kan igiyar shanya. Zanen mahaifiyata ne, shuɗi mai zanen ganye. Atamfa dai iri ɗaya tana da yawa a duniya, amma wannan ɓera ya taɓa cin gefensa, Mama Tela ta yi masa faci da hannunta, ƙanana-ƙananan ɗinki kamar rubutu. Na sauke kaya na kama gefen zanen, ga facin nan. Wata yarinya ta fito da kumfa a hannu ta ce, "Momi, lafiya?"

"'Yata, ina kika samu zanen nan?"

Ta nuna ƙofar Auta. "Wurinsa na saya, mu da yawa muka saya. Ya ce kayan matar yayansa ce da ta rasu."

Tabɗi! Ashe har na mutu ban sani ba.

Ina buga ƙofa ya buɗe, ya gan ni da zanen a hannu, sai ya zube ƙasa. Ba "matata" ranar. A kan katifa ga sabuwar wayar salularsa, wadda ya ce mana wai abokinsa ne ya ba shi, wadda ni da kaina na taɓa karɓa na kira yayata a Kafanchan ina ta washe baki. Da zannuwana nake magana ban sani ba. Ya ce ranar Talata ya je kamfani ya karɓi makulli wurin yayansa don ya ɗebi gari, ya cika jaka da zannuwa, ya mayar da makullin kafin a tashi. Na ce, "Mama Tela ba ta gan ka ba?" Ya ce, "Ta gan ni, har mun gaisa. Ta ɗauka abinci ne." Ya ƙara da cewa, "Anti, Yaya ya sani. Ta faɗa masa tun ranar da kika gano."

Na zauna a bakin ƙofar. Ban san yadda bas ta kawo ni mahaɗar Kwangila ba, ban san yadda na iso gida ba.

Baban yara bai yi musu ba. Ya ce shi ya roƙe ta, har da riƙe mata hannu, kada ta faɗa. Auta na shekarar ƙarshe, tsohuwarsu na fama da hawan jini, in ta ji zai iya kai ta ƙasa. Ya ɗauka zan yi kukana kwana biyu magana ta mutu. Ya ce, "Ban san za ki kai ta famfo ba." Na ce, "Da na kai fa? Wata biyu kana wuce ƙofar matar nan safe da yamma, kana ganin labule a sake, ka iya haɗiye tuwo?" Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wandonsa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin haka ba. Na so in ci gaba da faɗa, amma da wane baki? Shi ya yi shiru, ni na yi magana, mu biyu muka haɗu muka kayar da ita.

Da safe na ɗaga labulen shagonta na shiga. Tana zaune gaban keke ba abin ɗinkawa, tana warware wani tsohon siket tana sake haɗawa don kada hannu ya zauna. Na durƙusa na kama ƙafarta, na ce, "Mama, na gano. Na cuce ki. Ki yafe mini don Allah." Ta bar ni na yi kukana ya ishe ni. Sannan ta ce, "Tashi, Malama, ƙasa da sanyi." Na ƙi tashi. Ta dube ni ta saman tabarau.

"A nan ɗakin kika faɗi maganar?"

"A'a, Mama."

"To me ya kawo ki ɗaki?"

Na gane. A bakin famfo na ɓata ta, a can zan wanke ta, kuma ba a cika wurin sai ruwa ya zo. Kwana biyar famfon nan bai ce ɗis ba. Ni da kullum nake addu'ar ruwa, sai ga ni ina kwana da fargabar jin ihun nan. Zan tsaya gaban matan da nake yi wa kallon ni ce Malama, in ce dangin mijina ne ɓarayi, ni kuma mai ƙazafi. Baban yara ya ce ko za a ce kawai an gano kayan, ba sai an kira suna ba. Na ce masa rashin kiran suna ne ya kai mu nan.

Ranar Asabar da hantsi aka kwarma, "Ruwa ya zo!" Na fita ba bokiti. Na tsaya kusa da famfon har layi ya cika, na sa hannu na kashe shi. Aka yi caa a kaina. Na ce, "Ku yi haƙuri, a nan na yi ɓarna, a nan zan gyara." Na faɗi komai, ban rage ba. Na ce ƙanin mijina ne ya kwashe mini zannuwa da makullin yayansa. Na ce Mama Tela ta sani, ta rufa mana asiri, ni kuma na saka mata da abin da kuka ji da kunnenku. Ina cikin magana sai na ji mutum a bayana. Baban yara ne, mutumin da ko gaisuwa sai an ja shi, ya cire hula a gaban mata ya ce, "Ni na roƙe ta ta yi shiru. Laifin nawa ne." Iya ta ɗora hannu biyu a ka tana salati da Yarabanci. Nas ɗin nan ta fashe da kuka. Wasu suka kasa kallon juna. Mama Tela ba ta fito ba, amma na lura an ɗage labulen shagon.

Washegari bayan sujadar coci Baban yara ya je Samaru ya taso Auta a gaba har shagon. Ya durƙusa yana ta rantse-rantse. Mama Tela ta ce, "Ni ba na son surutu. Kai ka jawo aka shigar da keken nan ciki, kai za ka fitar da shi." Haka ya rungumi keken shi kaɗai, yana nishi, gumi na zuba, layi duka na kallo, ya kai shi baranda. Ta sa shi ya gyara masa zama har sau uku. Yau Auta da furfurarsa da 'ya'yansa huɗu, amma in aka ambaci tela a gabansa sai ya tashi ya ba da wuri.

Ranar Litinin da jiniyar Chikaji ta yi shiru, sai muka ji kar-kar-kar a fili kamar da. Wallahi sai da na tsaya da tsintsiya a hannu na saurara. Kafin azahar ɗinkin Kirsimeti ya taru a bencinta har yana zubowa, kowa na kawowa yana kame-kame. Baƙi suka koma shan gaisuwa, sata ta ja baya. Sai dai bulon da aka gina bai rushe ba, daga inda take zaune rabin ƙofofin kawai take iya gani.

A safiyar Litinin ɗin nan dai na shirya zan tafi makaranta, na kulle ɗaki, na nufi barandarta da makulli a hannu. Na tarar da mutum uku sun riga ni, kowa da nasa, sun yi cirko-cirko. Bangon bayanta ba allo, sai ramukan ƙusa. Na matsa na miƙa mata da hannu biyu, na ce, "Mama, ga shi."

Ta tsayar da keke. Ta kama hannuna, ta naɗe yatsuna a kan makullin, ta riƙe su cikin tafinta mai ɗumi.

"Malama, na yafe miki tun kafin ki zo. Ƙofarki kuma zan duba miki ita muddin ina da ido, yaranki su zo su ci abinci kamar kullum." Ta ɗan yi murmushi. "Amma wata biyun nan da na yi a ciki, ina jin takun mutanen da na goya suna wucewa ba sallama, ba zan iya sake yin irinsu ba. Na tsufa, 'yata. Kowa ya riƙe nasa."

Ta sake ni, ta gyara tabarau, ta ce in yi sauri kada in makara. Na jefa makullin a jaka na kama hanya, ina tafe ina share ido da gefen gyale. Tun daga ranar ni nake riƙe makullina.